Lawrence Stenhouse

Lawrence Alexander Stenhouse (29 ga Maris, 1926 – 5 ga Satumba, 1982) masanin harkar ilimi ne ɗan ƙasar Birtaniya, wanda aka fi saninsa da ra'ayin cewa malamin makaranta ya kamata ya zama mai bincike a kan koyarwarsa. Ya jagoranci wani babban aikin gyaran manhaja mai suna Humanities Curriculum Project daga 1967 zuwa 1972, kuma yana cikin waɗanda suka kafa Cibiyar Binciken Ilimi a Aikace ta Jami'ar East Anglia da ke birnin Norwich a 1970, cibiyar da aka fi sani da CARE. Littafinsa An Introduction to Curriculum Research and Development, wanda ya fito a 1975, yana cikin littattafan da aka fi karantawa a kwalejojin horar da malamai a fannin manhaja. A cikinsa ya kafa hujjar cewa manhaja ba za ta gyaru ba sai malamin da ke aiki da ita ya gyaru, kuma malami yana gyaruwa ne idan ya ɗauki ajinsa a matsayin wurin bincike, ya tara hujja a kan abin da ke faruwa a ciki, sannan ya bari wasu su duba abin da ya gano.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Stenhouse a birnin Manchester da ke arewacin Ingila, iyayensa kuwa 'yan asalin Sikotland ne. Ya yi karatun sakandare a Manchester Grammar School, tsohuwar makaranta da aka kafa tun 1515, wadda ba ta ɗaukar ɗalibi sai ya ci jarrabawar shiga mai tsauri. Daga baya ya bayyana a rubuce-rubucensa cewa malaman da ya samu a ajujuwan ƙarshe na wannan makaranta sun gabatar masa da ilimi a matsayin abin da ake tunani da muhawara a kansa, kuma hakan ya sa ya yarda da ƙarfin hankalinsa.

Ya yi digirinsa na farko a Jami'ar St Andrews da ke Sikotland, sannan ya shiga aikin koyarwa a makarantun sakandare na yankin. A nan ya gane cewa irin karatun da ya samu gata ne na 'yan tsiraru. Yawancin yaran da ya tarar ana ba su ilimi ne a matsayin abin haddacewa, wanda malami ke riƙe da shi, ɗalibi kuma nasa karɓa da maimaitawa. Wannan bambanci tsakanin makarantar da ya fito da makarantun da ya koyar shi ne tushen yawancin aikinsa na gaba. Ya samu digiri na biyu a fannin ilimi daga Jami'ar Glasgow a 1956.

Bayan haka ya koma aikin horar da malamai, da farko a Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Durham, daga nan kuma a Kwalejin Ilimi ta Jordanhill da ke Glasgow. A 1967 ya fitar da littafinsa na farko, Culture and Education, inda ya kalli aji a matsayin ƙaramar al'umma mai al'adunta da ma'aunanta, ya kuma nuna cewa aikin makaranta shi ne ta buɗe wa yaro taskar al'ada da ilimi domin ya yi tunanin kansa da su.

Aikin gyaran manhaja na 1967 zuwa 1972

A shekarun 1960 gwamnatin Birtaniya ta ƙuduri aniyar ƙara shekarun karatun dole daga 15 zuwa 16, matakin da ya fara aiki a 1972. Wannan ya tayar da hankalin makarantu, domin da yawa daga cikin matasan da za a tilasta wa ƙarin shekara sun riga sun gaji da makaranta, suna jiran ranar fita su kama aiki. Rahoton Newsom na 1963 ya riga ya ja hankali a kan cewa kusan rabin yaran ƙasar, wato masu matsakaicin ƙoƙari da na ƙasa da haka, makaranta ba ta ba su abin da ya dace. Saboda haka Majalisar Makarantu, wadda aka kafa a 1964 domin kula da manhaja da jarrabawa a Ingila da Wales, ta haɗa hannu da Gidauniyar Nuffield suka ɗauki nauyin wani aiki na musamman, aka kuma naɗa Stenhouse shugabansa a 1967.

Manufar aikin ita ce a taimaka wa ɗalibai 'yan shekara 14 zuwa 16 su fahimci al'amuran rayuwar ɗan Adam da saɓanin ra'ayin da ke tattare da su. An zaɓi batutuwa takwas: yaƙi da al'umma, ilimi, iyali, dangantakar maza da mata, mutane da aiki, talauci, doka da oda, da zaman birni. A kan kowane batu aka tara tarin hujjoji, kamar yankan jaridu, hotuna, waƙoƙi, gutsattsarin labarai, alƙaluma, muryoyin da aka naɗa da finafinai, waɗanda ke nuna ra'ayoyi mabambanta. Kamfanin Heinemann ne ya buga waɗannan kayan karatu.

Aikin ya tsayu a kan ƙa'idoji biyar. Na farko, ya kamata a tattauna batutuwa masu jawo saɓani da matasa a cikin aji. Na biyu, malami ba zai yi amfani da matsayinsa ya tallata ra'ayinsa a kan irin waɗannan batutuwa ba. Na uku, hanyar koyo za ta kasance tattaunawa maimakon lacca. Na huɗu, tattaunawar za ta kare bambancin ra'ayi, ba za a matsa wa kowa ya bi ra'ayin masu rinjaye ba. Na biyar, malami a matsayinsa na shugaban zama shi ke da alhakin ingancin tattaunawar, ta hanyar neman hujja, kawo sabon bayani, da tabbatar da cewa an saurari mai ƙaramar murya. Wannan matsayi ne ya shahara da sunan shugaban zama ɗan ba-ruwanmu. Dalilin Stenhouse shi ne, a ƙasar da iyaye ke da addinai da aƙidun siyasa daban-daban, maganar malami tana da nauyin da ya fi na kowa a aji, kuma da zarar ya bayyana ɓangarensa yara za su daina tunani su koma neman yardarsa.

Abin da rikoda ta tona

An gwada kayan da hanyar koyarwar a makarantu sama da 30 tsakanin 1968 da 1970. Tun da wuri aka ga cewa matsalar ba ta kayan karatu ba ce. Malamai da yawa sun yi imani suna gudanar da tattaunawa a buɗe, amma ɗalibai sun yi gum, ko kuma suna ɗaukar takardun hujja kamar darasin auna fahimta wanda ke da amsa guda.

Maimakon ma'aikatan aikin su rubuta wa malamai umarnin gyara, sai suka nemi kowane malami ya naɗi darasinsa a rikoda, ya saurara, ya bincika ɗabi'unsa. Abin da aka riƙa ji a faifan ya ba malaman kansu mamaki. Malami yakan katse ɗalibi kafin ya ƙarasa magana. Yakan yi tambayar da ya riga ya san amsarta, sai darasi ya koma wasan canki-canka. Yakan yaba wa amsar da ta dace da ra'ayinsa, ya wuce wadda ba ta dace ba ba tare da cewa komai ba. Yakan tambayi aji ko kowa ya yarda, wanda hakan ke rufe bakin mai ja. Idan aka yi shiru na 'yan daƙiƙoƙi kuma, shi ke fara kasa jurewa ya cike gurbin da maganarsa.

Daga irin waɗannan bayanai aka tsara jerin hasashe a kan yadda ɗabi'ar malami ke shafar maganar ɗalibai, aka mayar wa malamai domin kowa ya gwada a ajinsa ya ga ko sun tabbata. Ta haka malaman suka tashi daga masu karɓar manhaja suka zama abokan bincike. Cikin ma'aikatan da suka yi wannan aiki tare da Stenhouse akwai John Elliott da Jean Rudduck, sai Barry MacDonald wanda ya jagoranci sashen auna tasirin aikin. MacDonald ya lura cewa sakamakon ya bambanta ƙwarai daga makaranta zuwa makaranta, gwargwadon shugabancinta, tarihinta da unguwar da take, abin da ya ƙarfafa ra'ayin cewa babu ajujuwa biyu da suke daidai da juna.

Cibiyar CARE da batun launin fata

A 1970 Stenhouse da abokan aikinsa suka tashi daga Landan suka koma Jami'ar East Anglia, inda suka kafa CARE, shi ne kuma daraktanta. Kusan a lokacin ne aikin manhajar ya shiga rikicinsa mafi girma. An shirya kayan karatu na tara a kan dangantakar jinsunan mutane masu launin fata daban-daban, batun da ke da zafi a Birtaniya saboda shigowar baƙi daga yankin Karebiyan, Indiya da Pakistan. Masu suka sun ce saka rubuce-rubucen masu wariyar launin fata a gaban yara, alhali malami ya kame bakinsa, zai iya ƙara rura wutar ƙiyayya ya kuma cutar da 'ya'yan baƙi da ke cikin ajin. A ƙarshe Majalisar Makarantu ta ƙi amincewa a buga kayan.

Stenhouse ya mayar da saɓanin abin bincike. Daga 1972 ya jagoranci wani sabon aiki a kan matsaloli da tasirin koyar da wannan batu, da tallafin Majalisar Binciken Kimiyyar Zamantakewa ta Birtaniya da Gidauniyar Gulbenkian. An gwada hanyoyi uku: malami ɗan ba-ruwanmu, malami mai bayyana adawarsa da wariya a fili, da koyarwa ta hanyar wasan kwaikwayo. Malaman da suka shiga sun naɗi darussansu, sun kuma yi nazarinsu. Sakamakon, wanda aka buga a littafin Teaching About Race Relations a 1982, ya nuna cewa koyarwar takan karkata ɗalibai zuwa haƙuri da juna a jimlace, amma akwai waɗanda ra'ayinsu ke ƙara tsauri. A wurin Stenhouse wannan darasi ne babba: matsakaicin sakamako na makarantu da yawa ba zai gaya wa malami abin da ke faruwa da yaran da ke gabansa ba, dole shi ya duba da kansa.

Ra'ayinsa a kan manhaja

A lokacin da Stenhouse ke aiki, tsarin da ya fi rinjaye shi ne na manufofi, wanda aka gina a kan littafin Ralph Tyler na 1949 da rabe-raben manufofin ilimi na Benjamin Bloom na 1956, dukansu daga Amurka. Tsarin ya ce a fara rubuta takamaiman abin da ɗalibi zai iya yi a ƙarshen darasi, a koyar domin cim ma shi, sannan a auna.

Stenhouse bai yi watsi da wannan tsari gaba ɗaya ba. Ya raba aikin makaranta gida huɗu: horarwa a kan wata ƙwarewa kamar buga keken rubutu, isar da bayani kamar jadawalin lissafi, cusa ɗabi'u da al'adun al'umma, da shigar da ɗalibi cikin fannonin ilimi irin su tarihi, adabi da kimiyya. Ya amince cewa manufofin da aka ƙayyade suna da amfani a biyun farko. Amma a na huɗu ya ga suna ɓata ilimin. Ya kawo misali da wasan Hamlet na Shakespeare: idan aka ƙayyade tun farko abin da kowane ɗalibi zai faɗa a kansa, an mayar da adabi abin haddacewa. A ganinsa alamar nasarar irin wannan karatu ita ce ɗalibi ya zo da tunanin da malami bai iya hango shi tun farko ba.

A madadin haka ya gabatar da tsarin da ke mayar da hankali a kan yadda ake gudanar da koyo. A wannan tsari ana zaɓar abin da ya cancanci a koya, a bayyana ƙa'idojin da malami zai bi wajen koyar da shi, sannan a bar sakamako a buɗe. Ya ɗauko wani ɓangare na wannan tunani daga masanin falsafar ilimi R. S. Peters. Shi da kansa ya yarda cewa ƙarfin tsarin da rauninsa wuri ɗaya suke, domin komai ya rataya ne a kan ingancin malami.

Malami mai bincike

Babi na goma na littafinsa na 1975 shi ne ya yi bayanin malami a matsayin mai bincike. A nan ya ɗauki manhaja a matsayin hasashe da aka rubuta ta yadda za a iya gwada shi a aji. Ya kwatanta ta da bayanin girki, wanda ake iya sukarsa ta fuskar gina jiki ko ɗanɗano, ake iya gwada shi a madafa, kuma mai girki ke iya sauya shi daidai da bukatar gidansa. Idan haka ne, kowane aji ɗakin gwaje-gwaje ne, kowane malami kuma ɗaya ne daga cikin masu binciken.

Ya lissafa halayen irin wannan malami: ya riƙa yi wa koyarwarsa tambayoyi bisa tsari, ya mallaki dabarun nazarinta, ya gwada ra'ayoyin masana a aikace kafin ya karɓe su, ya kuma yarda wasu malamai su shiga ajinsa ko su saurari faifansa su tattauna da shi a fili. Ya bayyana bincike a matsayin bin diddigi bisa tsari, tare da sukar kai, wanda ake fitarwa ga jama'a. Fitarwar ba lallai ta zama bugawa a mujallar jami'a ba. Gabatar da abin da aka gano ga taron malaman makaranta ɗaya ma ya isa, muddin za su iya ja da shi.

Ya kuma soki irin binciken da ke kwaikwayon gwajin noma, inda ake raba gonaki a zuba taki iri-iri a auna wanda ya fi yawan amfani a jimlace. Ya ce malami ya fi kama da mai lambu da ke kula da kowace shuka bisa halinta. Wannan ya sa a shekarunsa na ƙarshe ya karkata ga nazarin makarantu ɗaya bayan ɗaya, tare da adana bayanan hira da lura a rumbu, kamar yadda masana tarihi ke adana takardu, domin wani mai bincike ya iya komawa ya tantance su. Aikinsa na wannan lokaci ya haɗa da nazari a kan yadda ɗaliban ajujuwan ƙarshe na sakandare ke amfani da laburare wajen karatun kansu.

Ƙarshen burinsa shi ne abin da ya kira 'yantarwa: ɗalibi ya fita daga dogaro da ikon malami, malami kuma ya fita daga dogaro da ikon masana da jami'an ma'aikata, kowannensu ya dogara da hujja da hukuncin hankalinsa. Wannan ne jigon laccar da ya gabatar a matsayin farfesa a Jami'ar East Anglia a 1979.

Tunanin bincike cikin aiki ya girmi Stenhouse. John Dewey ya yi kira a 1929 da a ɗauki malamai a matsayin masu ba da gudummawa ga kimiyyar ilimi, Kurt Lewin ya yaɗa hanyar a fannin zamantakewa a 1946, Stephen Corey kuma ya kai ta makarantun Amurka da littafinsa na 1953, kafin ta dusashe a can. Gudummawar Stenhouse ita ce ya farfaɗo da ita, ya kuma ɗaure ta da batun manhaja da martabar aikin malanta.

Suka

An soki Stenhouse ta fuskoki da dama. Wasu sun ce malami ba zai iya zama ɗan ba-ruwanmu da gaske ba, tunda shi ke zaɓar hujjar da za a karanta da wanda zai yi magana. Wasu kuma sun ce ko da zai iya, bai dace ya yi shiru a gaban zalunci kamar wariyar launin fata ba. Amsar magoya bayansa ita ce malamin yana tsaye ne a kan ƙimomin ilimi, wato girmama hujja da girmama mutum, abin da ya ajiye kawai shi ne amfani da kujerarsa wajen yanke hukunci.

A kan binciken malamai kuwa, an kawo matsalar lokaci, domin malamin da ke da darussa cike da mako da tarin littattafan dubawa da wuya ya samu sararin sauraron faifai da rubuta rahoto. An kuma yi shakkar ko mutum zai iya yi wa aikinsa adalci, da ko abin da aka gano a aji ɗaya zai amfani wani. Masana irin su Wilfred Carr da Stephen Kemmis, a littafinsu Becoming Critical na 1986, sun faɗaɗa hanyar da cewa bincike ya wuce bangon aji ya taɓo tsarin mulki da na al'umma da ke ɗaure malami.

Rasuwa da tasiri

Stenhouse ya riƙe shugabancin Ƙungiyar Binciken Ilimi ta Birtaniya daga 1979 zuwa 1980. Ya rasu ranar 5 ga Satumba, 1982, yana da shekara 56. Bayan rasuwarsa an buga tarin maƙalunsa a littafin Authority, Education and Emancipation a 1983, sai Research as a Basis for Teaching a 1985, wanda Jean Rudduck da David Hopkins suka tace. Malaman da suka yi aiki da shi sun kafa allon tunawa da shi a harabar Jami'ar East Anglia, ɗauke da saƙonsa cewa malamai ne za su sauya makaranta ta hanyar fahimtarta.

Tun yana raye abokan aikinsa suka ci gaba da faɗaɗa hanyar. John Elliott da Clem Adelman sun gudanar da Ford Teaching Project daga 1973 tare da malamai 40 daga makarantu 12, inda suka yi amfani da dabarar duba darasi ta fuska uku: bayanin malami, bayanin ɗalibai, da bayanin mai lura daga waje. A 1976 Elliott ya kafa ƙungiyar CARN, wadda ta haɗa malamai masu bincike daga ƙasashe daban-daban, kuma daga cikinta mujallar Educational Action Research ta fito a 1993. An fassara littafin Stenhouse na 1975 zuwa harshen Sifaniyanci a 1984, ya kuma samu karɓuwa a Sifaniya da ƙasashen Latin Amurka. A Ostireliya, Jami'ar Deakin ta zama babbar cibiyar wannan irin bincike.

A ƙasarsa kuwa siyasa ta bi wata hanya dabam. An rushe Majalisar Makarantu a 1984, sannan Dokar Gyaran Ilimi ta 1988 ta kawo manhajar ƙasa guda mai ƙayyadaddun matakan cim ma buri da jarrabawar bai-ɗaya, wato irin tsarin da ya soka. Duk da haka binciken malami a kan ajinsa ya zama wani ɓangare na kwasa-kwasan horar da malamai da na digiri na biyu a fannin ilimi a ƙasashe da yawa, kuma har yanzu ana komawa ga rubuce-rubucen Stenhouse a muhawarar da ake yi a kan ko malami mai aiwatar da umarni ne ko kuwa ƙwararre mai ikon yanke hukunci a ajinsa.